Ƙofar Rai da mutum-mutumin tagulla: tarihin wuraren tausa a likitancin Sin

Wuraren da likitancin gargajiya na ƙasar Sin ya ware a jikin mutum, waɗanda ake dannawa da yatsa ko a soka musu allura, ana yawan cewa sun kai shekara 5,000. Masu wannan magana suna jingina ilimin ga Huangdi, sarkin da almara ta ce shi ne kakan Sinawa. Abin da aka tono daga ƙasa bai goyi bayansu ba, kuma hujjar masu tonon ta fi ƙarfi.

A 1973 aka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sami rubuce-rubuce a kan alharini da gora. Sun lissafa hanyoyi 11 da ke ratsa jiki, sun yi bayanin gasa su da wani ganye dangin tazargade, amma ba su ambaci soka allura ba, ba su kuma jera wuraren da aka sani yau ba. Abin da suka faɗaɗa a kai shi ne tsawon rai da zaman miji da mata: numfashi, abinci, motsa jiki da tattalin maniyyi. Ke nan damuwa da kuzari ta riga taswirar wuraren zuwa.

Taswirar ta ginu ne sannu a hankali. Littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han, ya mayar da hanyoyin 12, ya ce wuraren 365 ne daidai da kwanakin shekara, alhali waɗanda ya ambata da suna ba su kai rabin haka ba. A ƙarni na 3 masani Huangfu Mi ya tsara wurare 349. A 1027 likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla guda biyu masu girman mutum, da ƙananan huji a kowane wuri. An ruwaito cewa a lokacin jarrabawa akan shafe su da kakin zuma, a cika cikinsu da ruwa, wasu suka ce zaiba. Ɗalibin da ya dace da wurin sai ruwa ya biyo allurarsa.

Muhawara mafi tsawo ta taso ne a kan Mingmen, wato Ƙofar Rai. Likitocin Sin sun ɗauki ƙoda a matsayin ma'ajiyar jing, sinadarin da suke dangantawa da haihuwa, girma da tsufa. Huangdi Neijing ya kira idanu da sunan Mingmen. Littafin Nanjing da ya biyo baya ya zo da wata magana dabam: ƙodar hagu ce ƙoda ta ainihi, ta dama kuwa ita ce Ƙofar Rai, inda namiji ke adana maniyyi, mace kuma mahaifarta ke rataye. An yi fiye da shekara dubu ana karantar da haka.

A daular Ming ne likitoci Sun Yikui da Zhao Xianke da Zhang Jiebin suka ƙi yarda. A ganinsu duka biyun ƙoda ne, Ƙofar Rai kuwa tana tsakaninsu. Zhao ya kira ta wuta marar siffa da ke ɗumama sauran gaɓoɓi, Sun ya ce motsin ƙarfin rai ne, Zhang ya ce gida ne na ruwa da wuta tare. Ra'ayinsu ya fi daidaita da taswirar kanta, domin wurin da ake kira Mingmen yana kan ƙashin baya, daura da cibiya, kuma wuraren ƙoda biyu, Shenshu, suna damansa da hagunsa. Daga wannan fahimta aka ƙarfafa al'adar ɗumama tsatso da murza shi don raunin mazakuta, sanyin jiki da ciwon baya. Ana haɗawa da wasu wuraren: Guanyuan, faɗin yatsu huɗu ƙasa da cibiya, da Zusanli a ƙasan gwiwa, da Sanyinjiao a saman idon sawu ta ciki, wanda aka saba hana dannawa ga mai juna biyu.

A 1822 sarki Daoguang ya soke koyar da allura a makarantar likitocin fada. A 1929 gwamnati ta nemi kawar da likitancin gargajiya, masu sana'ar suka yi bore har aka janye. Gwamnatin Mao ta farfaɗo da shi a shekarun 1950, sannan rahoton ɗan jarida James Reston kan allurar a jaridar New York Times a 1971 ya ja hankalin Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen wurare 361, UNESCO kuma ta sanya ilimin cikin gadon al'adun duniya a 2010.

Binciken zamani bai gano hanyoyin nan a cikin tsoka ko jijiya ba. Gwaje-gwajen da aka yi kan raunin mazakuta kaɗan ne, kuma ba su isa hujjar cewa dannawa ko allura na warkar da shi ba. Likitoci suna ɗaukar matsalar a matsayin alamar da kan riga ciwon suga, hawan jini ko ciwon zuciya bayyana, don haka suke shawartar a fara da gwajin asibiti.