Daga Faifan Talla Zuwa Gaban Kyamara: Kaduna Da Tarihin Sana'ar Modelin

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, kwanakin baya wata 'yar ƙanwata da ke Unguwar Dosa ta same ni a gida da wayarta a hannu, bayan mun gaisa sai ta yi ƙasa da kai ta ce, "Kawu, don Allah dubu talatin za ka taimaka mini da ita." Na ce ta me? Ta ce wai wani kamfani ne ya ga hotunanta a Instagram, ya ce ta dace da modelin, in ta biya kuɗin rajista za su ɗauke ta. Ban ba ta ba, ban kuma yi mata faɗa ba, na ce ta dawo bayan sati guda. A cikin satin nan ne na zauna na yi waiwaye a kan inda wannan sana'a ta samo asali da yadda ta yi da garinmu Kaduna, tunda masu magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Da farko dai, mene ne modelin? A Hausance talla ce. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kaya ba ya sayar da kansa, shi ya sa uwa kan yi wa 'yarta kwalliya, ta sa mata kwalli da jan-baki, kafin ta ɗora mata faifan goro ko ƙwaryar fura. Bambancin kawai, ita 'yar modelin jikinta ne faifan, tufar da ta sanya ita ce hajar. Shi kuwa kamfanin da ake kira ejansi, dillali ne, kamar dai dillalin gida ko na shanu. Shi ke nemo mata masu son a tallata musu kaya, ya yi ciniki a madadinta, in an biya ya cire la'adarsa, wadda a mafi yawan ƙasashe takan kai kashi 20 cikin 100. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta la'ada, domin za mu komo kanta.

Masana tarihin tufafi sun fi danganta farkon sana'ar ga wani tela Bature mai suna Charles Frederick Worth, ɗan Ingila da ya buɗe gidan ɗinkinsa a birnin Faris a 1858. Matarsa Marie Vernet ita ce ke sanya ɗinkinsa ta fita cikin masu hali don su gani su yi sha'awa. Daga baya sai abin ya zama sana'ar da ke buƙatar dillali. A 1923 John Robert Powers ya buɗe ejansi a birnin New York na Amurka, wanda ake ɗauka shi ne na farko. A 1946 Eileen Ford da mijinta suka kafa Ford, sannan a 1972 John Casablancas da abokinsa suka kafa Elite a Faris. Waɗannan gidaje su suka shimfiɗa ƙa'idojin da ake bi har yau: a zaɓi yarinya, yawanci doguwa mai kimanin ƙafa 5 da inci 9 in ta hawa dandamali ce, a sa hannu a takarda, a horar da ita, a tura ta aiki.

A Nijeriya kuwa ƙofar ba ta ejansi aka fara buɗe ta ba, ta gasar sarauniyar kyau aka fara. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, wadda ta fara cin gasar Miss Nigeria da jaridar Daily Times ta ƙirƙiro a 1957 daga Arewa ta fito. Sunanta Grace Oyelude, haifaffiyar Sabon Garin Kano, iyayenta mutanen Isanlu ne ta lardin Kabba, wanda a lokacin yana cikin Jihar Arewa. Hoto aka aika da shi Ikko, aka kira ta, ta ci, aka ba ta fam 200. Ba ta zauna tana jiran tallar kowa ba, kuɗin ta haɗa ta tafi Ingila ta karanto aikin jinya, ta dawo ta yi shekaru tana aikin asibiti a nan Kaduna. A 1990 kuma Binta Sukai, 'yar asalin Kudancin Kaduna, ta ɗauki wannan kambi.

Shekarar da Grace ta ci gasarta ita ce shekarar da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Bayanta Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo a cikin shekarun 1960, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a ƙasar nan, dubban magidanta na cin abinci a wajen. Ga Rediyo da Talabijin na Kaduna tun 1962, ga jaridar New Nigerian a titin Ahmadu Bello tun 1966. Mutum zai yi zaton garin da ke saƙa atamfa, ga kafafen talla a hannunsa, shi ne zai fara haifar da masu tallar atamfar. Amma ba haka ta kasance ba. Manyan kamfanonin shirya talla a Ikko suka tare, mu kuma a nan atamfa da baki take tallata kanta, a gidan biki da na suna, da wajen 'yan koli da dillalai mata masu shiga gida-gida. Ga kuma kunya, wadda ba ta barin uba ya yarda a liƙa hoton 'yarsa a bango kowa na kallo.

To amma in za mu faɗi gaskiya, mu marubuta da 'yan fim mu muka fara sa fuskar 'yar Bahaushe ta sayar da haja. Littattafanmu na soyayya da zane muka fara yi musu bango, sannu a hankali muka koma hotuna, domin mun lura littafin da ke da kyakkyawa a goshinsa ya fi saurin tashi daga kan tebur. Sai ga mujallar Tauraruwa a Kano a 1998, ga Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a nan Kaduna a 1999, ga kalandu da sitikun 'yan wasa a jikin motocin haya da shagunan aski. Duk wannan talla ce, sai dai mafi yawanta babu takarda, babu la'ada, babu wanda ya tambayi mai hoton tsawon lokacin da ta yarda a yi amfani da fuskarta.

Ni kaina ina da alhaki a nan. Akwai wani littafina da na karɓi hoton wata yarinya daga hannun wani mai ɗaukar hoto na sa a bango. Ta yarda da baki, murna ma take yi, ko sisi ban ba ta ba in ban da kwafi biyu. Bayan shekara uku aka sake buga littafin, a lokacin an sa mata rana. Wata gwaggon angon ta gan shi a Kasuwar Barci, ta saya ta kai gida. Sai da na je da kaina tare da wani dattijo muka durƙusa gaban mahaifinta da wakilin ango kafin ƙurar ta kwanta. Ranar na gane cewa mai hoto na girma, amma hoto yana nan inda aka bar shi.

A can Kudu kuwa al'amarin ya ɗauki wani salo. A 1998 tashar M-Net ta Afirka ta Kudu ta shirya gasar Face of Africa, wata matashiya daga Ikko, Oluchi Onweagba, ta lashe, ladanta kuwa kwantiragi da Elite a New York. Wannan shi ya nuna wa 'yan matan Nijeriya cewa akwai hanyar da ta tashi daga unguwa ta ɓulle Turai. A 2001 Agbani Darego ta ci Miss World a Sun City, sai aka tsayar za a yi gasar shekara mai zuwa a Abuja.

Duk wanda ya yi wayo a Kaduna ya san abin da ya biyo baya. Tun kafin a zo, malamai da ƙungiyoyin Musulmi sun nuna ƙin amincewarsu, balle da shirye-shiryen suka faɗo cikin watan azumi. Ranar Asabar 16 ga Nuwamba 2002 jaridar ThisDay ta buga wani rubutu na Isioma Daniel da ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW). Ranar Laraba 20 ga wata aka ƙona ofishin jaridar a Kaduna, daga nan wuta ta kama gari, aka yi kwanaki ana kashe-kashe tsakanin Musulmi da Kirista. Mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu, aka ƙona masallatai da coci-coci da gidaje, dubbai suka rasa matsuguni. Su kuwa 'yan gasar aka kwashe su zuwa Landan, aka yi bikin a can ranar 7 ga Disamba, wata 'yar Turkiyya mai suna Azra Akin ta ci. Waɗanda suka mutu a Kaduna mafi yawansu talakawa ne da ba su taɓa ganin ko ƙeyar 'yar gasa ba. Rabuwar da rikicin shari'a na 2000 ya fara, wannan ya ƙarasa ta, kogin Kaduna ya koma iyaka, kowa ya tattara ya koma tsallaken da danginsa suka fi yawa.

Tun daga lokacin, a wannan tsallake namu na Kawo da Malali da Badarawa da Unguwar Rimi, kalmar sarauniyar kyau ko modelin ta zama abin da ba a faɗa a gaban manya. A daidai wannan tsakanin ne kuma masaƙun suka mutu, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Wato a lokacin da Ikko ke kafa ejansoshi irin su Beth, da Makon Nunin Tufafi na Legas da Omoyemi Akerele ta fara a 2011, mu a nan babu masaƙar da za a tallata wa, babu kuma zuciyar yin maganar.

Amma zamani riga ne. Wayar hannu ta shigo da abin da aka rufe wa ƙofa ta taga. Yanzu mai sayar da abaya da mayafi, da tela, da mai kwalliyar amare, kowa na neman fuskar da zai sa a shafinsa, 'yan mata kuma na ganin misalai. A 2016 Halima Aden, 'yar Somaliya da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta shiga gasar kyau a jihar Minnesota da hijabinta, a 2017 babban kamfanin IMG ya ɗauke ta. A Disambar 2021 Shatu Garko daga Kano, 'yar shekara 18, ta zama ta farko da ta ci Miss Nigeria da lulluɓi, har Hukumar Hisba ta Kano ta ce za ta gayyaci iyayenta. Sunayen da 'yar ƙanwata ta kafa mini hujja da su ke nan.

Sai dai rabin labarin ta sani. Ita Halima sai da ta sa aka rubuta a kwantiraginta cewa ba za ta cire hijabi ba, kuma a keɓe mata wurin sauya kaya. Duk da haka a Nuwambar 2020 ta ajiye aikin, ta ce ta wayi gari tana rasa salla a kan lokaci, har an taɓa ɗora mata wandon jins a ka a matsayin hijabi. Ga kuma Olajumoke Orisaguna, mai tallar burodi a Legas, wadda a 2016 ta gifta ta gaban kyamarar TY Bello da tirenta a ka, dare ɗaya ta hau bangon mujalla, kamfanoni suka yi ta rububinta. Bayan 'yan shekaru ta fito da bakinta ta ce daular ba ta ɗore ba, kuma rashin karatu ya cuce ta wajen sanin abin da ake yi da sunanta. In wadda ta iya karatu ta kafa sharaɗi ta sha wuya, ina ga wadda aka miƙa wa takarda aka ce sa hannu nan?

Da sati ya cika ta dawo, na ce da ita, "'Yata, zauna. Kin taɓa ganin dillalin da ya karɓi la'ada tun ba a sayar da gida ba?" Ta ce a'a. Na ce to ejansin gaskiya sai kin ci yake ci, duk wanda ya fara da neman kuɗin rajista, ke ce hajar da ya zo saye. Wanda ya ce ki aiko da hoton da ba za ki iya nuna wa mahaifiyarki ba, ko ki zo otal ke kaɗai, ko ya ce zai fitar da ke waje ki biya daga baya, wannan hanyar masu safarar mutane ce, irin waɗanda aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 dominsu. Ko a gidajen gaskiya ma, kuɗin jirgi da na masauki bashi ne da ake cirewa daga aikin yarinya, da yawa sukan dawo gida ba su da komai. Na ce in har sai kin yi, to da sanin mahaifinki, da takarda a rubuce wadda ta faɗi irin kayan da za ki sa, da inda za a yi amfani da hoton, da ranar da izinin zai ƙare, kuma bayan kin kammala karatunki.

Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, to in Baba ya ƙi fa?" Na ce sai ki haƙura, domin ranar da hoto ya jawo magana, shi ne zai zauna a zaure ya amsa, kamar yadda na ga wani uba ya zauna saboda littafina. Dubu talatin ɗin dai na ba ta, amma ta cike kuɗin jarrabawa. Shi kuwa kamfanin, da ta tambaye su adireshin ofishinsu da lambar rajistarsu, har yau ba su amsa ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Kaduna, Ya kiyashe mu sake ganin irin wancan Nuwamba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.