Salula da mulkin komin: me ya canza a Madarunfa?

Tambaya guda ke yawan zo mana: yanzu da salula ta shiga ƙauyuka, talaka ya ƙara samun baki cikin harkar komin ɗinsa? Ga bayani.

Mene ne mulkin komin?

Shi ne a bar wa mutanen wuri ragamar al'amuransu: kasuwa, rijiya, makaranta, tsabtar gari. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a komin 265 na Nijar, aka sake zaɓe a Janairu 2011 da Disamba 2020. Gundumar Madarunfa na da komin shida: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. A lokacin, kansiloli ne suka riƙa zaɓen magajin gari daga cikinsu, sarakuna kuma suna ba majalisa shawara ba tare da ƙuri'a ba. A 2016 gwamnati ta miƙa wa komin wani sashe na ilimi, kiwon lafiya, ruwan sha da muhalli. A Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, kantomomi ke riƙe da komin. Amma haraji da tikitin kasuwa ba su tsaya ba, saboda haka tambayar ina kuɗin suka shiga tana nan daram.

Me masana suka ce?

Bafaranshe Alexis de Tocqueville, da ya zagaya Amurka a 1831, ya lura cewa a taron gari mutane ke koyon dimokuraɗiyya, ba a babban birni ba. Masanin zamantakewa William Ogburn kuwa ya nuna a 1922 cewa na'ura na gudu, doka da al'ada na biyo ta a hankali.

Mun ga haka da idonmu. Salula ta iso Nijar a 2001. Binciken Jenny Aker kan kasuwannin hatsinmu ya gano cewa waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kasuwa ta karɓi waya nan take. Ma'aikatar magajin gari fa? Kasafin kuɗi na nan kan takarda, da Faransanci.

Riba da hasara

Ribar a fili take. Famfo ya lalace a Gabi, kafin la'asar ɗan garin da ke Legas ko Agadas ya ji ta WhatsApp, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana. Wanda bai yi boko ba ma yana aika saƙon murya.

Amma wa ke riƙe da wayar? Galibi maza da samari. Matar da ke ɗibar ruwan, da tsohon da ya san iyakar gonaki, ba su cikin guruf ɗin. Sai a yanke magana a waya, su ji daga baya. Ga kuma jita-jita: a ƙauyukanmu na bakin iyaka, saƙon ƙarya guda kan ƴan bindiga na iya watsa kasuwa. Sannan in ƴan ci-rani suka gyara komai da aljihunsu, wa zai tambayi komin haƙƙin da ke kanta?

Abin da ya rage gare mu

Waya na kai labari, amma ba ita ke sa shugaba ya ba da lissafi ba. Jama'a ke sa shi. Mu nemi a karanta kasafin komin da Hausa a rediyo. Abin da aka tattauna a guruf, a maimaita shi a dandali gaban mai gari, mata na nan. Ƴan uwa na ƙetare, in kun turo gudummawa, ku sanar da kwamitin gari a rubuta. Saƙon da ba ku san tushensa ba kuwa, ku tambaya kafin ku tura.