Ranar da Gwamna da Majalisa Suka Daina Ga-maciji

Duk lokacin da labari ya zo cewa gwamnatin Amurka na shirin rufe ofisoshinta don majalisa ta kasa amincewa da kasafi, mukan yi dariya a majalisun hira na Birnin Kebbi da Argungu. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, kwana 35, ma'aikata wajen 800,000 sun zauna babu albashi, jam'iyyar Republican na cewa laifin Democrat ne, su kuma suna mayar mata. Haka suke yi a kan dokar da ta ƙayyade iyakar bashin da gwamnati za ta ci, wadda ta samo asali tun 1917.

A Najeriya doka ta toshe wannan kafa. Sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida ko ba a zartar da kasafi ba, sashe na 122 kuma ya ba gwamnoni irin wannan dama. To amma ofis kan kasance a buɗe alhali gwamnati ta tsaya cik. Mun taɓa ganin haka sau biyu a maƙwabta.

Na farko a tsohuwar jihar Kaduna ne, lokacin da Zariya da Katsina ke ƙarƙashinta. A zaɓen 1979, Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma NPN ta kwashe kujeru 64 cikin 99 na majalisar jiha, PRP ta tashi da 16. Gwamna ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, manya suka ɗaure fuska. Ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗan Musa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. NPN na cewa gwamna ya ƙi tafiya da masu rinjaye, PRP na cewa ana yi wa zaɓin talakawa zagon ƙasa. Jihar ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi babu kwamishina ko ɗaya, har aka tsige gwamnan ranar 23 ga Yuni 1981.

A lokacin mu muna cikin jihar Sakkwato, don sai 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Kebbi. Gwamnanmu Shehu Kangiwa ɗan masarautar Argungu ne, shi da masu rinjaye a majalisarsa duk 'yan NPN ne, saboda haka muka ɗauka rikicin na wasu ne. Lawal Kaita ya samu kujerar Kaduna a zaɓen 1983, ya zauna wata uku kacal. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, suna kafa hujja da lalacewar tattalin arziki da albashin da ba a biya ba. Guguwar ba ta tambayi wace jiha ce ta yi faɗa ba. Ta kwashe majalisar Kaduna, ta kwashe ta Sakkwato, ta haɗa da Garba Nadama wanda ya gaji Kangiwa.

Na biyu ya faru ne a ƙetaren iyakarmu ta Kamba. A Nijar, Mahamane Ousmane ya ci shugabanci a 1993, amma a zaɓen majalisa na Janairu 1995 'yan adawa suka yi rinjaye, dole ya naɗa Hama Amadou na MNSD firaminista. Shugaban ƙasa ya ƙi zaman majalisar ministoci, firaminista ya shiga sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba. Ga darajar sefa an raba biyu tun Janairu 1994, ga ma'aikata na bin bashin albashi. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka biyun, ya ce rikicinsu ya durƙusar da ƙasa.

A duka wuraren biyu kowane ɓangare yana da hujjar da magoya bayansa suka gamsu da ita, kuma kowane ya ba da ƙarfinsa wajen nuna cewa laifin ɗayan ne. Wanda bai da kujera a zauren shi ya biya kuɗin. Albashin malami in ya makara, mai shago a kasuwar Birnin Kebbi ne ke ɗaukar bashin, daga nan ya gangara kan masuncin Argungu da ya rasa mai sayen kifi. Manomin shinkafa a fadamar Rima kuwa, takin da ya iso bayan an gama dashe bai da wani amfani a wurinsa a wannan shekarar.

Wannan ba dalili ba ne na mu so majalisar 'yan amshin shata. Ai don ta tuhumi gwamna kan bashin da zai ciyo da sunan jikokinmu muka zaɓe ta. Abin da za mu riƙa dubawa shi ne ko jayayyar a kan abin da ke cikin kasafi take, ko a kan wanda zai fito da farin jini. Idan ɗan majalisarmu ya dawo gida yana ba mu labarin wanda ya jawo tsaiko, mu saurare shi, sannan mu tambaye shi abin da ya miƙa a teburi don a daidaita, da ranar da malaman firamaren garinmu za su ga albashinsu.