Duba Lafiyar Doki a Asibitin Dabbobi: Abin da Ya Kamata Mai Doki Ya Sani

A Kano, doki na zaune ne tare da mutane. Daga cikin Birni har Gyadi-Gyadi, Daurawa da sauran unguwannin Tarauni, akwai masu ajiye doki domin hawan Sallah, hawan angwanci ko wasan polo. Doki ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, shi ya sa likitan dabbobi yake dogara da awo da kuma bayanin mai doki. Jinkirin 'yan sa'o'i kan iya jawo asarar dabba mai tsada.

Awon farko

Likita zai fara da tambaya: me dokin ya ci, yaushe ya yi kashi da fitsari, an sauya masa abinci? Sannan ya gwada waɗannan, waɗanda su ne ƙa'idar babban doki mai lafiya idan yana hutawa:

• Zafin jiki: digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin salshiyos.
• Bugun zuciya: sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya.
• Numfashi: sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya.
• Dasashi: mai ɗan ja da damshi. Idan aka danna da yatsa, launinsa zai dawo cikin daƙiƙa 2.

Gwaje-gwaje

Gwajin jini yana nuna ƙarancin jini, sammore, da ƙwayar cutar da kaska ke sa wa doki. Gwajin kashi yana nuna ƙwan tsutsar ciki. Idan ɗingishi ne, za a ja dokin ya yi tafiya da sassarfa, a matsa kofato, wani lokaci a yi allurar kashe zafi a wani sashe na ƙafa domin gano gurbin ciwon, kafin a ɗauki hoton ƙashi ko sikanin. Idan larurar ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akan tura doki Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu samfuran kuma a aika Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, jihar Filato.

Ciwon ciki ba ya jira

Doki ba ya iya amai. Idan iska ko ruwa suka taru a tumbinsa, yana iya fashewa. Alamun su ne ƙin cin abinci, tonon ƙasa da ƙafa, waiwayen ciki, gumi da birgima. Likita zai saurari motsin hanji, ya zura tiyo ta hanci zuwa tumbi, ya kuma lalubi hanji ta dubura. Abubuwan da kan jawo shi sun haɗa da ƙarancin ruwa, yawan gero ko dusa a lokaci guda, haɗiye leda ko yashi. A janye abinci a kira likita nan take. Kada a yi masa ɗura da kwalba, domin maganin na iya faɗawa huhu.

Kulawar yau da kullum

• Gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8.
• Duba haƙora aƙalla sau ɗaya a shekara.
• Ruwa mai tsafta a wadace: lita 25 zuwa 50 a rana, fiye da haka lokacin bazara.
• Maganin tsutsa bisa sakamakon gwaji.
• Rigakafin cutar sarƙewar haƙora, wadda ke saurin kama doki ta rauni.
• Duba baya da baki bayan hawa, saboda mikin sirdi da linzami.

Lafiyar iyali

Makero kan tsallako daga doki zuwa mutum, haka ma cutar haukan kare idan doki ya kamu. Ƙwayar sarƙewar haƙora tana rayuwa a kashin doki da ƙasar barga. Wanda ya ji rauni a wurin ya wanke da sabulu da ruwa, ya je asibiti. Wanda doki ya harba a kai, ƙirji ko ciki a kai shi asibiti ko da babu jini a waje. Maganin doki ba na mutum ba ne. A kulle shi nesa da yara.