Samariya

Samariya ƙungiyar matasa ce ta gargajiya a ƙasar Hausa, wadda sarkin samari ke jagoranta wajen aikin gayya da wasanni. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya haramta jam'iyyun siyasa a Nijar, sannan ya farfaɗo da samariya ya shimfiɗa ta a ƙasa baki ɗaya, tun daga unguwannin Yamai har karkarar Maradi.

'Yan samariya sun gina azuzuwa, sun shuka itatuwa, sun share tituna. Amma su ne kuma ke tara jama'a tarbar manyan baƙi da isar da saƙon hukuma, sau da yawa a ƙarƙashin idon sarakuna da hakimai. Matashin da ya shagala da gayya da rawa ba ya da lokacin adawa, kuma sojoji sun san haka. Mata ma an yi musu tasu ƙungiyar a 1975, malamai kuwa tun 1974.

Samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma su ne ginshiƙan tsarin raya ƙasa na Kountché, wanda magajinsa Ali Saibou ya gina jam'iyyar MNSD a kansa a 1989. Tasirin samariya ya dusashe bayan Taron Ƙasa na 1991.