Hanyar Afiya: Yadda Rumawa Suka Yi Tafiya

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, to amma ga Rumawan dā tafiya mabuɗin mulki ce. A shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani babban jami'in birnin Rum mai suna Afiyus Kalaudiyus ya sa aka soma shimfiɗa hanya daga Rum zuwa garin Kafuwa da ke kudu, tafiyar kilomita kusan 195. A lokacin Rumawa suna cikin yaƙi da ƙabilar Samniyawa, suna buƙatar hanyar da dakaru za su bi rani da damina ba tare da sun maƙale a fadama ba. Wannan ita ce Hanyar Afiya, wadda ta ci sunan wanda ya gina ta. Daga baya aka yi ta jan ta har ta dangana da Birindisi, tashar da ake shiga jirgin ruwa zuwa ƙasar Girka.

Aikin kuwa ba na ganin ido ba ne. Sai a haƙa ƙasa har a tarar da mai tauri, a jera manyan duwatsu, a zuba tsakuwa a daddanne, sannan a rufe da faffaɗan baƙin dutse wanda aka sassaƙa ya haɗu da ɗan'uwansa. Akan yi wa tsakiyar hanyar ɗoro domin ruwan sama ya gangara cikin magudanan da ke gefe. Da haka Rumawa suka shimfiɗa manyan hanyoyi masu tsawon kilomita wajen 80,000, tun daga Ingila har Arewacin Afirka da ƙasar Sham. A kowane mil sukan kafa dutse mai rubutu da ke nuna nisan tafiya. Ita kanta kalmar mil da muke amfani da ita, asalinta daga harshensu ne, inda take nufin taki dubu, wato mita kusan 1,480.

Sarki Agustus shi ne ya kafa tsarin aika saƙon gwamnati a kan waɗannan hanyoyi. An yi zanguna inda manzo zai sauya dawaki, an kuma yi masaukai inda zai kwana, ta yadda yakan ci kilomita kamar 75 a rana. Sai dai duk wanda ba shi da takardar izini ba shi da rabo a ciki. Talaka a ƙafa yake tafiya ko a kan jaki. Mai hali ya hau doki, amma ba likkafa, domin ba su san ta ba. Keken doki kuwa ƙafafunsa na da ɗaurin ƙarfe, sai jijjiga da ƙara a kan dutse. Attajirai su ne bayi ke ɗauka a kafaɗa cikin gado mai rumfa. Haka kuma hanyar ta zama wurin nuna ƙarfin hukuma, domin a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan an murƙushe tawayen bayi na Sifatakus, an gicciye mutum 6,000 a gefenta tun daga Kafuwa har Rum.

To, yaya matafiyi yake ji a jikinsa? Duwatsun ba su faɗa mana ba, wani mawaƙi ne mai suna Horas ya faɗa. Wajen shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa ya bi wannan hanya zuwa Birindisi tare da manyan mutane da suka fita aikin sulhu, tafiyar kusan mako biyu, ya kuma rubuta labarin a waƙe. Bai ɓata lokaci kan sulhun ba. Ya ba da labarin wani zango da ruwansa ya yi muni har ya haƙura da abincin dare, da yadda suka shiga kwalekwalen da alfadari ke ja a cikin fadama, sauro da kwaɗi suka hana su barci. Da dare ya tsala, mai jirgin ya ɗaure alfadarin ya kwanta yana minshari. Gari ya waye jirgi na nan inda yake, sai wani fasinja ya fusata ya lakaɗa wa mai jirgin da alfadarinsa dukan tsiya. Ya kuma ambaci ciwon idon da ya dame shi, da burodi mai tsakuwa, da mai masaukin da ya kusa ƙone gidansa garin gasa musu tsuntsaye.

Daular Rum ta yamma ta faɗi a shekara ta 476, amma har yau akwai sassan Hanyar Afiya da ake takawa, a 2024 ma Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. Wanda ya je zai ga sawun kekuna a jikin dutse da kaburburan manya a gefen hanya. Labarin sauron da mai jirgin nan kuwa, sai a littafin Horas.