TSOHON DOKI SAI MAI SHI: TARIHIN MANYAN MOTOCIN SOJA A HANNUN FARAR HULA

A wurin taronmu na bara wani ɗan ajinmu da ya rungumi noma ya ja ni gefe, ya nuna mini hoton wata tsohuwar babbar motar soja da ake son sayar masa. Ya ce kuɗinta bai kai na sabuwar akori-kura ba, ga shi kuma an ce masa babu taɓon da zai kafe ta. Yana so ya riƙa fito da masara da ita daga gona zuwa bakin titi. Ni ba bakanike ba ne, saboda haka a ranar ban ce masa saya ko bari ba. Amma wannan ciniki yana da dogon tarihi, kuma a cikin tarihin akwai amsar tambayarsa.

YADDA SUKA YI YAWA

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, yaƙi ne na dako kamar yadda yake na bindiga. Sojan da ba a kai masa abinci da harsashi da mai ba, ba ya iya komai. Don haka ƙasashen da ke yaƙin suka juya masana'antunsu na motoci wajen ƙera motocin ɗaukar kaya.

A Amurka, tsakanin 1941 da 1945, kamfanin GMC ya ƙera mota samfurin CCKW fiye da 560,000. An yi ta don ta ɗauki tan biyu da rabi a cikin jeji, ko tan biyar a kan titi mai kyau, kuma injinta yana tura ƙafafun gaba da na baya duka. Kamfanin Studebaker ya yi wata mai kama da ita kimanin 200,000, aka aika da yawancinsu Tarayyar Sobiyet. A Kanada kuwa Ford da Chevrolet sun yi dubban ɗaruruwa bisa tsarin da sojan Ingila ke so, wato sitiyari a dama. A Ingila kanta Bedford ya fitar da samfurin QL fiye da 52,000, ban da sauran samfura.

An ga amfaninsu a Faransa a 1944, lokacin da jiragen sama suka lalata hanyoyin jirgin ƙasa. Daga watan Agusta zuwa Nuwamba, motoci kusan 6,000 suka riƙa jigilar mai da abinci dare da rana zuwa bakin daga, a wani shiri da aka kira Red Ball Express. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne. A nan ma aka fara ganin illar lodi fiye da ƙima da rashin hutu, domin motoci masu yawa sun mutu a hanya, tayoyi kuma suka yi ƙaranci.

AKA BUGA GWANJO

Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai gwamnatoci suka wayi gari da motocin da ba su da aikin yi. Mayar da su gida daga ƙasashe masu nisa ya fi kuɗinsu tsada, saboda haka aka sayar da da yawa a inda yaƙi ya bar su. Amurka ta riga ta yi dokar sayar da rarar kayan yaƙi tun 1944, kuma ta ba tsofaffin sojoji fifiko wajen saye. A Ingila filin Ruddington, kusa da Nottingham, ya zama babbar kasuwar gwanjon motocin soja, ba a rufe shi ba sai 1983. Jamus ta Yamma ta kafa kamfanin VEBEG a 1951 don sayar da kayan gwamnati da aka gama da su, har yau kuma yana wannan aiki.

A shekarun nan sabuwar mota sai mai dogon hannu, domin masana'antu sun yi shekaru ba su yi wa farar hula ba sai 'yan kaɗan. Sai manoma da masu yankan katako da 'yan kwangilar gini da 'yan kwana-kwana na ƙauyuka suka yi wa gwanjon caa. A Filifin mutane suka tsawaita ƙananan jif ɗin da Amurkawa suka bari, suka yi musu kujeru da ado, suka zama motocin haya da ake kira jeepney. A Italiya wani bakanike da ya yi aikin gyaran motoci a soja, Ferruccio Lamborghini, ya riƙa sayen tarkacen motocin yaƙi yana haɗa taraktocin noma da su tun wajen 1948. Sunansa ne yau a jikin motocin alfarma. A lura da sana'ar mutumin, domin za mu dawo kanta.

A ƘASARMU

Mu ma wannan guguwa ta iso mu. Dubban 'yan Nijeriya, da yawansu daga Arewa, sun yi yaƙi a Habasha, sannan a Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ba duka ne suka riƙe bindiga ba. Wasu an koya musu tuƙi, wasu gyaran inji, wasu aikin lantarki da walda. Da aka sallame su suka dawo gida da lasin da sana'a, wasu kuma da ɗan kuɗin sallama a aljihu.

Sun dawo a kan gaɓa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, amma gyaɗa da auduga ba a bakin dogo ake noma su ba. Sai an ɗauko su daga ƙauyuka, a da kan raƙuma da jakai. Bayan yaƙi Turai tana fama da ƙarancin man girki, ana neman gyaɗa ido rufe, har dalar gyaɗa ta riƙa tsayawa a Kano tana jiran taragu. Mai babbar mota a lokacin ba ya rasa kaya. Tsofaffin motocin soja da aka sayar, tare da sababbin da kamfanonin Turawa suka fara shigowa da su, suka shiga wannan aiki. Kafintoci suka riƙa yi musu bodin katako, kaya a ƙasa mutane a sama, ga direba ga karen mota.

Sannu a hankali sababbin motocin kasuwa suka maye gurbinsu. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa, daga baya aka buɗe masana'antun Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da Marsandi a Inugu. Motocin yaƙin sun ƙare, amma ilmin da suka zo da shi ya zauna a garejinmu, yana bin hannu daga maigida zuwa yaro.

INDA GIZO KE SAƘA

To, me ya sa wasu suka yi arziki da waɗannan motoci, wasu kuma suka karye? Dalili shi ne, motar soja ba don mutum ɗaya aka ƙera ta ba. An ƙera ta ne don runduna, wadda ke da rumbun kayan gyara, da garejinta, da makanikanta, da tankokin mai. Sojan Ingila ma a 1942 ya kafa runduna guda, REME, wadda ba ta da aiki sai gyara. Kowace safiya direban soja sai ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar taya da birki kafin ya tayar da inji, kuma akwai littafin da ake rubuta duk abin da aka yi wa motar. Wanda ya saye ta a gwanjo ƙarfen kawai ya saya, rundunar ba ta biyo shi gida ba.

Abu na farko da ke kayar da mai saye shi ne mai. Ita CCKW fetur take sha, kuma lita guda ba ta wuce kimanin kilomita 3. Janar ba ya lissafin wannan, amma ɗan kasuwa dole ya yi.

Na biyu kayan gyara. Kusoshin Amurka da na Ingila, ko da yake duk da inci ake auna su, zarensu bai zo ɗaya ba, abin da ya wahalar da makanikai ƙwarai lokacin yaƙi, har sai da ƙasashen biyu da Kanada suka daidaita ma'auni a 1949. Na Jamus da Faransa kuwa da milimita suke. Ƙaramin abu guda da babu shi a kasuwa yana iya ajiye gingimari wata shida.

Na uku zaman banza. Mai sayarwa zai nuna maka cewa motar ba ta yi tafiya mai yawa ba, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma mota da ta shekara goma a ajiye, robobinta sun bushe, tayoyi sun tsattsage ko da zanensu bai goge ba, tanki ya yi tsatsa. Ɗauki misalin M35, wadda ta gaji CCKW a sojan Amurka daga 1950, aka yi ta amfani da ita wajen shekara hamsin. Samfurinta na A2 yana da injin da ke shan dizal ko kananzir, abin sha'awa. Amma sitiyarinta da ƙarfin damtse ake juya shi, gudunta bai wuce kimanin kilomita 90 a awa ba, birkinta kuma layi ɗaya ne, in bututu guda ya fashe duk ya tafi. Masu sayenta a Amurka da suka san ta, birkin suke fara sabuntawa kafin su hau titi.

Shi ya sa waɗanda suka fi cin riba su ne irin su Lamborghini da tsofaffin sojojinmu na Bama, wato mutanen da suka san cikin motar, suka kuma riƙe tarbiyyar dubawa kullum. Masu wayo sukan sayi biyu, ɗaya ta yi aiki, ɗaya a riƙa cire mata kaya.

ABIN DA ZAN CE WA ƊAN AJINMU

Har gobe ana fitar da tsofaffin motocin sojan Turai, irin su DAF da MAN da Marsandi, kuma wasu suna isowa Afirka ta Yamma. A hanyar da babu kwalta suna yin abin da motar kasuwa ba ta iyawa. Amma kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da bakanike ya shiga ƙarƙashinta. Ka zaga kasuwar kayan gyara ka tabbata akwai kayan injinta. Ka ware kuɗin tayoyi da batir da birki tun kafin ka biya. Ka duba takardun kwastan, ka kuma duba gefen da sitiyari yake, domin tun 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama. Sannan ka sake mata fenti, domin tun 1977 doka ta hana farar hula hawa mota mai launin soja.

Mu ma'aikatan gwamnati ma akwai namu darasin. Duk wanda ya taɓa zagawa bayan wata ma'aikata ya ga motoci a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinsu, alhali wasu ba su shekara biyar ba. An yi kasafin saye, ba a yi na gyara ba. Motar da ta je yaƙi ta dawo ta yi dakon gyaɗa ba ta fi waɗannan ƙarfe mai kyau ba, sai dai ta samu mai duba ta kowace safiya.

Ɗan'uwa, in kana da irin wannan haƙuri da bakanike amintacce, saya, Allah ya sa albarka. In babu, ka ɗauki hayar mota lokacin kaka, ka bar kuɗinka a taki. Sai mun haɗu a taro na gaba.